MU ƘARU DA JUNA: Ba Kowace "Court" Ce Kotun Alƙali Ba

A wannan mako za mu duba wani salon maganar Turawa da suke kira "idiom", watau jerin kalmomin da ma'anarsu a haɗe ta sha bamban da ma'anar kowace kalma ita kaɗai. Mu ma muna da irinsu. In Bahaushe ya ce cikin wane ya ɗuri ruwa, ai ba randa ya shanye ba, tsoro ne ya kama shi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, kwanan baya wani dattijo mai fataucin wake a kasuwar Tudun Hatsi ta nan Gombe ya same ni da wasiƙa, hankalinsa a tashe. Wani kamfani ne na Ikko suke ciniki da shi, aka rufe wasiƙar da cewa "the ball is in your court". Ɗansa ya fassara masa cewa magana ta kai kotu. Kwana huɗu bai ba da amsa ba, yana neman lauya. Alhali "court" a nan filin wasan tanis ne: ƙwallo ta faɗo ɓangarenka, kai ne da bugu. Nufinsu, sun faɗi farashinsu, shawara ta rage gare shi. Kafin ya waiwaye su sun saya a hannun wani. Kun ga kalma guda ta jawo asarar ciniki.

To, ga waɗansu da aka fi cin karo da su a jaridu da takardun ofis.

"Red tape": asalinsa jan zaren da ake ɗaure takardun shari'a da na mulki da shi a Ingila. Yau ana nufin yawan ƙa'idojin ofis masu jawo jinkiri, irin na je ka ka dawo gobe.

"White elephant": watau farar giwa. A ƙasar Siyam, wadda ta koma Tailan a 1939, farar giwa dabba ce mai alfarma, ba a sa ta aiki, ga ta kuwa da cin tsiya. Saboda haka duk aikin da ya lanƙwame kuɗi ba tare da amfani ba, da wannan suna ake kiransa.

"To read the riot act": a 1715 Majalisar Birtaniya ta yi dokar tarzoma. In mutum 12 ko fiye suka taru da niyyar tashin hankali, sai mai hukunci ya karanta musu sanarwa, a ba su sa'a guda su watse. An soke dokar tuntuni, amma maganar ta zauna da ma'anar jan kunne mai tsanani, wanda daga shi sai hukunci.

"To carry coals to Newcastle": a da, birnin nan na arewa maso gabashin Ingila shi ne matattarar kwal. Kai masa kwal aikin banza ne, kamar mutum ya ɗauki siminti ya kai talla Ashaka, ko ya yi dakon ruwa zuwa madatsar Dadin Kowa.

"To kick the bucket": ma'anarsa mutuwa, amma fa magana ce ta wasa da rashin ladabi. Kada wanda ya kuskura ya sa ta a wasiƙar ta'aziyya.

Akwai kuma waɗanda muke da takwarorinsu. "To jump the gun" shi ne riga malam masallaci. "Let sleeping dogs lie" shi ne a bar kaza cikin gashinta. "Out of the frying pan into the fire" kuwa, gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Hatta kirarin Jihar Gombe, wadda aka cire daga Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, watau "Jewel in the Savannah", siffantawa ce. Ba wanda zai ɗauki diga ya tafi Jekadafari haƙar lu'ulu'u saboda shi.

Ɗalibai su lura. Jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO da JAMB ba ta rasa tambayoyi a kan irin waɗannan maganganu, kuma wanda bai ci Turanci da kyau ba, shiga jami'a ta gagare shi, ko da Jami'ar Jihar Gombe ce da ke ƙofar gidansu.

Shawarata uku ce. Da farko, in jimla ta zo maka bambaraƙwai, kalmominta sanannu amma ma'anar ba ta zauna ba, to, ka yi zaton salon magana ne. Na biyu, ka duba ƙamus a ƙarƙashin babbar kalmar, ka haddace maganar ɗungurungum, kada ka sauya mata ko harafi. Na uku, in takarda ta shafi kuɗi ko shari'a, ka tambayi wanda ya sani tun da wuri. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin gida: mene ne ma'anar "once in a blue moon"? Sai mun ji daga gare ku. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya, amin.