Motar Ƙungiya Tana Tafasa, Direba Yana Gyangyaɗi

'Yan'uwa manoma, akwai maganganu biyu da kwamitocin ƙungiyoyin gama kai suka saba ɗagawa zuwa taro na gaba. Ta fari ita ce gyaran lagireton motar ƙungiya. Ta biyu kuwa ita ce hutun direba. Ana ɗaukarsu kamar ba su da dangantaka, a ce wannan ta ma'aji ce, waccan kuma tsakanin direba ne da idonsa. Mu dai a ganinmu magana ɗaya ce, kuma muna roƙon kowane kwamiti ya yanke ta kafin a soma jigilar amfanin gona na bana.

Bari mu fara da motar. In kun ga a-kori-kura da jarkar ruwa biyu a bayan kujerar direba, yaron mota kuma yana sauka kowane gari yana ɗura wa lagireto, to motar ta daɗe tana kuka, ba a dai saurare ta ba. Lagireto mai lafiya yakan yi watanni bai nemi ƙari ba. Ruwan da ake ƙarawa kullum yana fita ne ta wani wuri: ko tiyo ya tsage, ko lagireton kansa ya huje, ko famfon ruwa yana yoyo ta gindinsa, ko murfi ya gaji.

Ku lura da irin aikin da ruwan nan yake yi. Cikin man da inji yake ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne yake zama ƙarfin juya taya. Wani kashin yana fita ta salansa. Saura kuwa zafi ne da ya rage cikin ƙarfen inji, kuma ruwa ne kaɗai yake kwashe shi. Famfo yana tura ruwan ya zagaya silinda, ya ɗebi zafi, ya je lagireto, iska da fanka su huce shi, ya komo. A motoci da yawa fambel ne yake juya famfon, saboda haka fambel mai kukan tsuntsu da safe ba abin dariya ba ne.

Murfin lagireto kuwa, wanda mutane suke rainawa har su maye gurbinsa da tsumma ko leda, shi ne muka fi so ku fahimta. Ruwa a tukunya buɗe yana tafasa a digiri 100 a ƙasa mai daidai da bakin teku. A kan tudun Jos, inda tsayin ƙasa ya kai mita 1,200, yana tafasa tun wajen digiri 96. Inji kuwa yana aikinsa ne a wajen digiri 90, in ya sha kaya a hawa ya wuce haka. Kun ga tazarar ba ta da yawa. Murfi mai kyau yana danne ruwan da matsi, sai ya kasa tafasa har wajen digiri 120. In robar murfin ta mutu, wannan tazara ta tafi. Shi ya sa motar da take tafiya lafiya lau daga Akwanga takan soma huci da zarar ta kama Hawan Kibo da buhunan masara a bayanta.

To, in ruwa ya tafasa ya zama tururi, ba ya kwashe zafi kuma. Kan injin motocin yanzu galibi na alminiyam ne, kuma zafi yana lanƙwasa shi. Da ya lanƙwashe sai gasket ɗin da ke tsakaninsa da jikin inji ya ƙone, ruwa ya shiga silinda ko ya gauraya da baƙin mai. Alamunsa a fili suke: farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko da inji ya yi ɗumi, kumfa a bakin lagireto, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Man da ya sha ruwa ba ya kare ƙarfe daga cin ƙarfe. Daga nan sai sauke inji. Tiyo ɗaya ko murfi ɗaya bai kai kuɗin buhun masara ba. Sauke inji kuwa sai an sayar da buhuna da yawa, ga mota a garejin bakanike makonni, ana hayar ta wani a daidai lokacin da kowa yake neman mota.

Ba mu ce ma'aji ba shi da hujja ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi a wannan shekara, kuɗin mai da na kayan gyara sun yi tashin da ya girgiza asusun kowace ƙaramar ƙungiya. Ma'ajin da yake riƙe da kuɗin takin mutum arba'in, in ya ce a jira a sayar da kaya tukuna, ba rowa yake yi ba, amana yake tsaro. Amma jira iri biyu ne. Fenti yana jira, kujera mai yagewa tana jira, ƙofar baya da ake ɗaurewa da igiya ma ta iya jira. Birki da taya da ruwan inji ba sa jira, domin lalacewarsu ba ta tsayawa inda ka bar ta, gaba take yi kowace rana.

Akwai kuma dabarun hanya. An san masu liƙa sabulu a wurin yoyo, da masu zuba garin kwaki ko ɗanyen ƙwai cikin lagireto don ya toshe huji. In dare ya yi maka a daji, ka yi abin da zai kai ka gari, ba wanda zai ga laifinka. Sai dai abin da ya toshe huji shi ne kuma yake toshe siraran bututun lagireto, saboda haka washegari sai a wanke a gyara, ba a ci gaba da shi har kaka ta wuce ba. Ruwan rijiya da na rafi ma suna barin farin dutse da tsatsa a ciki, kamar yadda kuke gani a gindin butar shayi. Ruwan lagireto na kanti, mai launin kore ko ja, yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga wurin tafasa. Amma ku ajiye shi nesa da yara da dabbobi, yana da zaƙi a baki, kuma guba ne mai kashe ƙoda. Wasu makanikai kuma sukan cire tamostat su jefar, wai ƙasarmu da zafi. Cire shi ba ya gyara lagireton da ya toshe. Yana dai ɓoye ciwon, inji kuma ya riƙa daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai.

Yanzu ga inda maganar biyu suka haɗu. Direban da ya san motarsa tana tafasa da rana, me zai yi? Zai ce a bari rana ta faɗi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a su Yola da Maiduguri, wannan shawara tana kama da hikima. Sai a yi lodi da rana, shi da kansa yana tsaye yana ƙirga buhu, wani lokaci har yana kama ɗauka, a tashi bayan cin tuwon dare. Wato an cire nauyin daga kan lagireto an ɗora wa idon mutum. Kuɗin tiyon da aka ƙi fitarwa, direba ne yake biyansa da barcinsa, tare da matan da suka hau kan kaya za su kasuwa.

Mutane suna tsammani barci abu ne da namiji yake iya dannewa da ƙarfin zuciya. Masu bincike sun auna abin. A 1997 wasu masana biyu a Ostareliya, Dawson da Reid, suka hana mutane barci suna gwada saurin hannunsu da idonsu, a wata rana kuma suka ba su barasa suka sake gwadawa. Suka tarar wanda ya yi awa 17 ido biyu, aikinsa ya yi daidai da na mai barasa 0.05 cikin ɗari a jininsa, wato iyakar da dokar ƙasarsu ta sa wa mai tuƙi. Wanda ya kai awa 24 kuwa ya yi daidai da mai ninki biyun wannan. Ku yi lissafin da kanku. Direban da ya tashi ƙarfe 5 na asuba, awarsa 17 tana cika ƙarfe 10 na dare, daidai lokacin da yake kama hanya. Babu kwamitin da zai miƙa makullin mota ga mutumin da yake warin burkutu. Amma ana miƙa wa wanda bai runtsa ba, har a yaba masa da ƙwazo.

Abin tsoro a nan shi ne barcin ba ya sallama. Mai gajiya yakan yi ɗan barci na daƙiƙa uku ko huɗu, wani lokaci ido a buɗe, kuma in ka tambaye shi zai rantse bai yi ba. Motar da take gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu ke nan mita 89, kusan tsawon filin ƙwallo, ba mai riƙe da sitiyari. Kuma jikin mutum ya fi neman barci tsakanin ƙarfe 2 da 6 na asuba, sai kuma bayan azahar, ko da ya saba tafiyar dare shekara ashirin.

A Ingila, ranar 28 ga Fabrairu 2001, wani mutum da ya kwana kusan bai yi barci ba ya kama hanya da Land Rover yana jan wata mota. Da asuba ya saki babban titi kusa da ƙauyen Great Heck, ya gangara kan layin dogo. Jirgin fasinja ya buge motar, ya sauka daga layinsa, ya yi karo da jirgin gawayi. Mutum 10 suka mutu. Shi direban ya fita da ransa, kotu ta ɗaure shi shekara 5, domin ta ce ya san bai yi barci ba ya hau mota. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana direban babbar mota tuƙi fiye da awa huɗu da rabi ba tare da hutun minti 45 ba, kuma galibi awa 9 ne iyakarsa a rana. A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988 ta daɗe tana jan kunne a kan tafiyar dare.

Goro fa? Yana taimako kaɗan, shi da shayi mai kauri, amma sai bayan kamar rabin awa suke kama jiki, kuma bashi ne suke ɗaga wa mutum, ba sa biya. Buɗe gilashi da ƙara muryar rediyo ba sa kai minti nawa. Ƙwayar tiramadol da wasu matasa suke haɗiya don su jure aiki, dangin maganin kashe ciwo ce mai sa maye. Tana ɓoye gajiya, tana kawo gyangyaɗi, in ta yi yawa tana jefa mutum cikin farfaɗiya. Abin da yake aiki a hanya shi ne a tsaya a wuri mai aminci a yi barcin minti 20. Abin da yake aiki da gaske kuwa shi ne awa 7 ko 8 a kan tabarma kafin a tashi.

Za a ce da mu, tumatir da attarugu ba sa son rana, kasuwar Dawanau da ta Mangu kuma ba sa jiran mai barci. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a daina tafiyar dare ɗungum ba. Abin da muke cewa shi ne wanda zai yi tuƙin dare a sallame shi da rana ya kwanta, wani ya tsaya wa lodi. In tafiyar ta wuce wuni guda, irin ta Kano zuwa Ikko mai kusan kilomita 1,000, a sa direba biyu, a lissafa kuɗin na biyun cikin kuɗin buhu tun farko. A kuma duba yadda ake biyan direba. Wanda ake biya bisa yawan sawu, an riga an gaya masa kada ya huta, ko da ba a furta ba. Haka nan mai injin casa da mai tarakta da suke kwana suna aiki da fitila don layi ya yi tsawo. Hannun da ya gaji shi ne bel yake kamawa, kuma ƙaiƙayi yana toshe fuskar lagireton tarakta cikin wuni ɗaya in ba a kakkaɓe ba.

Game da kuɗi, shawararmu ita ce kowane sawu a cire wani abu a sa a asusun gyara dabam, wanda ba a taɓa shi don taki ko biki. A kuma rubuta cikin dokar ƙungiya cewa in direba ya ce mota tana cin ruwa, ko ya ce bai yi barci ba, yana da ikon ajiye makulli, ba wanda zai rage masa ko kwabo, ba kuma dattijon da zai kira shi rago. Yawancin direbobinmu 'ya'yanmu ne, ba za su iya kallon idon shugaba su ce a'a ba sai an ba su wannan iko a rubuce.

In kuwa duk da haka allura ta hau ja a hanya, a tsaya a kashe inji nan take. Kada a taɓa murfin lagireto sai an jira aƙalla rabin awa, sa'an nan a rufa masa tsumma mai kauri a murɗa a hankali, fuska a gefe, domin ruwan da ke ƙarƙashinsa ya fi na tukunya zafi kuma da ƙarfi yake fitowa. Kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfen yana iya tsagewa. Yaran mota ne suka fi ƙonewa a wannan wuri, don su ake aikawa da jarka. Duk wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, ban da manja, ban da baƙin mai, a kai shi asibiti.