Rufe Ƙofar Kotu Yana Rushe Hukunci?

Daga Wakilinmu

Idan an kama mutum da laifin kisan kai, shaidu sun tabbatar, amma an hana jama'a shiga ɗakin shari'a, shin hukuncin yana nan ko ya rushe? Manyan kotunan Amurka da na Nijeriya sun taɓa amsa wannan tambaya, kowace da irin tata amsar.

A shekarar 2003 aka harbe wani yaro mai shekara 15 a birnin Boston na Amurka. Wani mashaidi ya ga saurayi yana gudu da bindiga, hularsa ta faɗi. Binciken hular ya kai 'yan sanda ga Kentel Weaver, ɗan shekara 16, wanda daga bisani ya amsa laifinsa. To, da aka zo zaɓen mutanen garin da za su taya alƙali yanke hukunci, sai ɗakin ya cika maƙil, aka hana jama'a shiga har kwana 2, ciki har da mahaifiyarsa. Lauyansa bai ce uffan ba. Sai a 2011 aka ta da maganar.

Ran 22 ga watan Yuni, 2017, Kotun Ƙoli ta Amurka, alƙalai 7 bisa 2, ta ƙi rushe hukuncin. Hujjarta ita ce, tun da ba a yi ƙorafi a kan lokaci ba, wajibi ne mai ɗaukaka ƙara ya nuna cutarwar da rufe ƙofar ta yi masa, shi kuwa bai nuna ba.

A nan gida Kotun Ƙoli ta fi tsanantawa. A shari'ar Edibo ta 2007, watau wata tuhumar kisan kai, ta soke shari'ar baki ɗaya domin alƙali ya karɓi amsar wanda ake tuhuma a ofishinsa. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya wajabta yin shari'a a bainar jama'a.

Duk da haka sashen ya yarda a rufe ƙofa domin tsaron jama'a ko kare yara, kuma dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ta halatta ɓoye shaidu a shari'ar fyaɗe da ta'addanci. Mashaidin da ke tsoron ransa ba zai buɗe baki ba, haka ne. Amma idon jama'a shi ke sa mashaidi ya ji kunyar ƙarya. Saboda haka alƙalin da zai rufe ƙofa sai ya rubuta dalilinsa a fili, lauyan da bai yarda ba kuwa ya miƙe nan take, kada ya bari sai ranar ɗaukaka ƙara.