Babur na kwaram-kwaram in ana tafiya a hankali

Masu ɗauko kaya daga kasuwar Aboabo a Tamale sun san ƙarar nan. Cikin cunkoso sai kwaram-kwaram, ka ƙara wuta ka daina jin ta. Tana nan fa, ƙugin inji ne ya danne ta.

Tayar da babur a tsaye, ba giya. In ka ji ta, duba notocin salansa kafin ka zargi inji. In kuwa sai taya na juyawa take fitowa, galibi sarƙa ce ta saki tana dukan murfinta, ga ƙurar hunturu na cinye ta. Kashe inji, ka danna tsakiyarta: wasan ya wuce santimita 3, a ɗaure, a sa mai. Sarƙar da ta zame a hanyar Yendi, ga buhun masara a baya, tana iya kulle taya nan take.