Kafin ka biya kuɗin wayar sifika, ka kankare bakinta

A gidajenmu na zango, daga Sabon Zongo zuwa Nima da Maamobi, da wuya ka shiga falon da babu na'urar sauti. Da ita muke jin tafsiri a watan azumi, da ita ake raya taron suna da na aure, da ita samari ke bin ƙwallo. Mutum zai tara kuɗi wata da watanni ya sayi amfilifaya da sifiku biyu, amma idan aka zo kan wayar da za ta haɗa su, sai ya karɓi duk abin da mai shago ya miƙo. A nan ake cutarmu, kuma ta fuska biyu: wani a ruɗe shi da tsada, wani a ruɗe shi da araha.

Bari in fara da masu tsadar. Za ka ga waya cikin kwali mai sheƙi, bakinta da ruwan zinariya, an rubuta OFC, wato jan ƙarfen da aka cire wa iskar oksijin. Sai a ce maka wai da ita za ka ji numfashin mai karatu. Ra'ayina shi ne wannan asarar kuɗi ce kawai. Aikin waya ɗaya ne, ta kai wuta daga amfilifaya zuwa sifika ba tare da ta cinye wani kaso a hanya ba. Abu uku ke hukunta haka: irin ƙarfen, kaurinsa, da tsawon wayar. Bambancin OFC da jan ƙarfe na yau da kullum wajen ɗaukar wuta bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Babu kunnen da zai kama wannan a ɗakin da fanka ke juyawa, trotro na ta hon a bakin titi.

Masu aikin sauti suna da ma'auni mai sauƙi: kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na turjiyar sifikar. Juya bayan sifikarka, za ka ga an rubuta om 8, ko 6, ko 4. Idan 8 ce, jan ƙarfe mai kaurin 0.75mm² ya isa har wajen mita 8, mai 1.5mm² kuma zai kai ka kusan mita 17. Idan 4 ce, sai ka raba wannan tsawon biyu. To faɗa mini, ɗaki da falo nawa ne a Nima ke buƙatar mita 17? Ga yawancinmu, wayar wuta mai laushi ta 1.5mm², irin mai silili biyu da ake sayarwa da mita, ta gama magana. Kada ma ka sayi fiye da tsawon da kake buƙata.

Wani zai ce, ai ni da na canja waya na ji bambanci. Ban ƙaryata shi ba. Amma sau da yawa tsohuwar wayar siririya ce ƙwarai, ko bakinta ya yi tsatsa, ko an ɗaura ta a juye. Sabuwar waya ta zo da sabon ɗauri mai tsabta, sai yabo ya tafi ga kwali.

Cuta ta biyu ita ta fi damuna, domin talaka take ci. Kasuwa ta cika da wayar da cikinta alminiyam ne, aka yi masa siririn lulluɓi da jan ƙarfe. Masu ƙera ta suna kiranta CCA. A ido ja ce jawur, amma ƙarfinta wajen ɗaukar wuta bai kai kashi 2 cikin 3 na jan ƙarfe na gaske ba. Ƙari a kan haka, wata robarta ce mai kauri, sililin ciki kuwa kamar gashi. Mita 10 na irin wannan mai kaurin 0.5mm², idan ka haɗa ta da sifika mai om 4, wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da amfilifaya ta fitar a cikin waya zai ƙare. Kuma alminiyam yana saurin karyewa idan ana lanƙwasa shi, ga iskar teku ta Accra mai gishiri da ke cin bakinsa. Bayan 'yan watanni sai sauti ya fara yankewa yana ƙarar-ƙarar, a ɗauki amfilifaya lafiyayya a kai wa mai gyara.

Mu da muka san Agbogbloshie kafin a rushe wurin a 2021, mun ga yadda samari ke ƙona wayoyi cikin baƙin hayaƙi don su ciro jan ƙarfen ciki. Abin da mutum zai sayar da lafiyarsa a kai ba ya zuwa a banza. A kasuwar duniya kuɗin jan ƙarfe ya ninka na alminiyam kusan sau 3 ko fiye. Don haka idan aka ba ka nadin waya a farashin da ya faɗi warwas, ka san akwai dalili. Araha ba ta ado.

Gwajin ba shi da wuya, ko a Zongo Lane kake ko a shagon unguwa. Ka ce wa mai shago, Alhaji, a yanko mini ɗan guntu in gani. Fere robar, ka kankare sililin da reza. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ne. Idan kuwa wajen ne fari cikin ja, wannan jan ƙarfe ne da aka shafa wa kuza, kuma yana da kyau, ya ma fi jure tsatsa. Ka ɗaga nadin ka ji: jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau 3. Ko ka kunna ashana a bakin silili ɗaya. Alminiyam na narkewa a digiri 660, nan da nan zai lanƙwashe, shi kuwa jan ƙarfe sai ya kai 1,085. Idan ka je gida, ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi a duka sifikun, in ba haka ba amon ƙasa zai dushe. Ka murɗe sililin sosai, domin ƙwaya ɗaya da ta taɓa ɗaya gefen tana iya ƙona amfilifaya.

Kwamitocin masallatai su ma wannan magana ta shafe su. Ba mu manta 2018 ba, lokacin da ministan muhalli Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kawo shawarar a riƙa kiran salla ta saƙon waya, jama'a suka yi ca a kansa. Kiran salla ba abin tattaunawa ba ne a wurinmu. Amma tsabtar sautinsa a hannunmu take. Lasifikar da ke kan hasumiya, da doguwar waya mai ɗauri goma a rana da ruwa, ba irin haɗin falo take so ba. Akwai tsarin layin bolt 100 mai ƙaramar tiransifoma da aka yi don dogon zango. A nemi ma'aikacin da ya san shi, muryar ladan ta fita tas ba tare da an murɗa na'ura har ƙarshe ba.

Ban ce sayar da CCA laifi ba ne. Wanda ya san abin da ya saya, ya ƙara kauri, waya gajera, zai iya morarta. Laifin shi ne a sayar da ita da sunan jan ƙarfe. Wannan algus ne, kuma da yawa daga masu shagunan 'yan uwanmu ne da muke sahu ɗaya da su. Ku rubuta a jikin kaya, ku faɗa da baki. Hukumar kula da ingancin kaya ta Ghana, GSA, ita ma ta riƙa leƙa waɗannan ƙananan wayoyi, saboda abin da aka saya don sifika, gobe wani zai ja shi zuwa soket ya ɗora masa hita ko dutsen guga. A gidan haya mai ɗaki goma sha, kowa ya san abin da hakan ke jawowa. Kamfanonin waya na gida suna nan a Tema, kayansu na ɗauke da suna da kauri a jikin roba. Mu fara tambayar wannan rubutun kafin mu tambayi farashi.