Waiwaye: Rabon Zama a Jirgin Fito

Mu 'yan Kambaza ba 'ya'yan ruwa ba ne, amma damina takan kai mu fadamar Birnin Kebbi, inda gulbi ke cika ya haɗiye hanya, dole a nemi mai fito. Kun tuna dattawan Sarkawa na wancan zamani? Ba sa taɓa filafili sai sun gama rabon zama. Buhunan gero a kwantar da su can ƙasa, a tsakiyar kwale-kwale. Mai jiki ya zauna nan, takwaransa ya zauna ɗaya gefen. Sannan a ce, "Baba, a daure a zauna, kada kowa ya miƙe."

Muna yara, mun ɗauka faɗa ne kawai irin na tsofaffi. Ashe ilimi ne. Nauyi yana danna jirgi ƙasa, ruwa yana tura shi sama. Idan nauyin yana ƙasa-ƙasa, ko igiyar ruwa ta karkata jirgin, da kansa zai dawo daidai. Mutum biyar su miƙe tsaye, nauyin ya hau sama, ƙaramar karkata ta ishe shi kifewa.

Akwai kuma yaron da ake ba ƙwarya yana ta kwarfe ruwa. Shi ne aka fi mantawa da shi, alhali aikinsa ya fi na kowa. Ruwan da ya taru a cikin jirgi ba ya zama wuri ɗaya. Duk gefen da jirgi ya karkata, can zai kwarara ya ƙara masa nauyi.

Yau inji ya zo, sauri ya ƙaru, kuɗin mai ya sa ana lodi har bakin jirgi ya kusa sumbatar ruwa. A Ingila, tun 1876 gwagwarmayar Samuel Plimsoll ta sa doka ta wajabta zana layi a jikin jirgi don a ga iyakar lodi. Dattawanmu da tafin hannu suke auna nasu layin.

A watan Mayun 2021, jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 150 har da babura daga jihar Neja ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski. Kaɗan aka ceto. Ranar da labarin ya iso mana, muryar wani tsohon mai fito na ji a kunnena, yana mayar da mutum uku tudu, yana ba su haƙuri su jira sawu na biyu.