Haƙƙin Dabbobin Gida A Kan Mai Niyyar Doguwar Tafiya

Idan lokacin aikin Hajji ya ƙarato, maniyyata sukan duƙufa wajen shiri. Ana biyan basussuka, ana rubuta wasiyya, ana tanadar wa iyali abincin da zai kai su har a dawo, ana kuma bin 'yan'uwa gida gida ana neman gafara. Duk wannan daidai ne. Amma akwai waɗansu masu haƙƙi a cikin gidan waɗanda ba su da bakin da za su tuna wa maigida da kansu, watau tunkiyar da ke turke, da kajin da ke akurki, da tattabaru, da kyanwa, da akun da ke cikin keji. Galibi sai an fito da jaka ƙofar gida sa'an nan a waiwayi wani almajiri ko yaron maƙwabta a ce masa, "Ka riƙa duba mini dabbobin nan, in na dawo na yi maka tsaraba." A kan wannan magana muke so mu tsaya a wannan mako.

Da farko sai mu san cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, kuma tafiya ba ta sauke wannan wajibi, ko da tafiyar ibada ce. Shaihu Halilu ya faɗa a cikin Muhtasar, a babin ciyarwa, cewa wanda ya mallaki dabba dole ne ya ciyar da ita idan babu makiyayar da za ta ƙoshi, in kuwa ya ƙi, sai a sayar da ita. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata mace da ta shiga wuta saboda kyanwa. Abin lura a cikin labarin shi ne, ba a ce ta doke ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, har ta mutu. To, wanda ya kulle gida da kwaɗo ya bar rai a ciki ba tare da wani tabbataccen shiri ba, ina bambancinsa da wannan mace? Dabbar daji tana da inda za ta nufa. Wadda ka ɗaure da igiya kuwa, ko ka rufe a keji, ka riga ka toshe mata kowace hanya sai taka.

Kakanninmu da suka riƙa tafiya Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Sudan, sun san cewa tafiyar shekaru ce, saboda haka sukan sayar da dabbobinsu ko su danƙa su baki ɗaya ga wani amintacce. Mu da jirgin sama ya sauƙaƙa mana, sai muke ganin ai kwana talatin ko arba'in ba wani abu ba ne. Alhali kuwa a 'yan shekarun nan Hajji yana faɗowa a ƙarshen bazara ne ko farkon damina. A shekarar 2025 ranar 5 ga watan Yuni aka yi tsayuwar Arfa, ke nan maniyyata sun bar gida tun cikin watan Mayu, lokacin da zafi ya kai matuƙa, ciyawa ba ta fito ba, harawa da dusa kuma sun yi tsada. A irin wannan zafi, yini guda babu ruwa ya isa ya kashe kaza.

Wanda za ka bar wa dabbobinka, ɗayan biyu ne a wurin malaman fiƙihu. Ko dai ya karɓa don Allah da zumunci, wannan ita ce ajiya, wadda ake kira wadi'a, ko kuma ka ɗauke shi aiki da lada, wannan ita ce ijara. Kowace tana da hukuncinta, kuma yawancin rigingimun da ake kai wa masu unguwanni bayan dawowar alhazai suna tasowa ne daga rashin bayyana wadda ake nufi. Maigida yana ganin taimako aka yi masa, shi kuwa yaron yana ganin aiki ya yi.

Ijara a kan kiwo ba abin kunya ba ce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin cewa ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada. A cikin Suratul Ƙasas kuma an ba mu labarin yadda Annabi Musa ya yi jinga da surukinsa a Madyana, aka yanka shekara takwas, in ya cika goma to daga gare shi ne. Dubi yadda aka ƙayyade wa'adi tun kafin a fara aiki. Ibn Abi Zaid ya kafa sharuɗɗa biyu a cikin Risala: a yanka lokaci, a kuma ambaci lada. Saboda haka "na yi maka tsaraba" ba lada ba ce. Tsaraba tana iya zama agogo, tana iya zama tasbaha ɗaya da dabino uku, kuma babu wanda ya san wadda za ta kasance sai ranar da aka kwance kaya. Jingar da aka ƙulla a kan abin da ba a sani ba ɓatacciya ce, kuma idan an riga an yi aikin, sai a biya ma'aikacin ladan da aka saba biyan irinsa a wannan gari. Haka nan wanda ya ce, "In akuyar ta haihu ɗa ɗaya naka ne," ya rataya ladan a kan abin da ke cikin ciki, wanda ana iya haifarsa da rai, ana iya rasa shi. Ka faɗi kuɗi, ko mudu kaza na hatsi. In ka dawo ka ƙara da hula da ruwan Zamzam, wannan kyauta ce mai kyau.

Ban ga abin da ya fi muni a wannan babi kamar yadda ake yi wa almajirai ba. Yaro zai yi kwana arba'in yana ɗebo ruwa, yana share turke, yana kwana a zaure don gadin gida, ranar da Alhaji ya sauka sai a manta da shi cikin hayaniyar 'yan barka da zuwa. Ba zai iya buɗe baki ya tambaya ba, domin yana jin nauyi. Alhali Buhari ya ruwaito cewa mutum uku ne Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, bai ba shi ladansa ba. Ya kamata mai fatan Hajji karɓaɓɓiya ya ji tsoron wannan. Abin da ya fi shi ne a ba shi wani kashi kafin tafiya, sauran kuma a bar shi a hannun wani dattijo wanda zai biya shi ko da dawowar ta yi jinkiri, ko kuma Allah ya yi nasa ikon a can.

Sa'an nan kuɗin abincin dabbobi daban ne da ladan mai kula da su. Kada a haɗa su a dunƙule, domin in an haɗa, duk loma ɗaya da dabba ta ci ta rage rabon mai kiwo ke nan, kuma zuciya ba ta da tabbas. Lissafin ba shi da wuya. Idan dabbobinka suna cin mudu 2 na dusa kullum, kwana 40 mudu 80 ke nan, sai ka ƙara na kwana 10, gama kowa ya san jigilar dawowa takan ja lokaci. Ka tanadi harawa da kanwa, ka nuna masa inda zai sami ruwa in famfo ya ɗauke, ka kuma bar wani abu na musamman domin likitan dabbobi.

To, in dabba ta mutu ko ta ɓace fa? Makiyayi amintacce ne a shari'a, haka ma mai ajiya. Ba a ɗora musu biya sai in sun yi sakaci ko sun ƙetare iyaka, kamar ya bar ƙofa a buɗe ya tafi kallon ƙwallo, ko ya ɗauki jakin da aka ba shi ajiya ya shiga yin haya da shi. Risala ta ce mai ajiya in ya ce abin ya salwanta, ana gaskata shi. In kuma ya ce ya mayar, ana gaskata shi, sai fa in da shaidu ya karɓa, to da shaidu zai mayar. Wannan ya nuna amfanin a ƙirga dabbobin a gaban mutum biyu tun ranar danƙawa. Idan makiyayi ya ga tunkiya za ta mutu ya yi sauri ya yanka ta, Halilu ya ce ana gaskata shi. Asalin wannan yana cikin labarin baiwar Ka'abu ɗan Maliku, wadda take kiwo a dutsen Sal'u a Madina, ta ga wata dabba tana shirin mutuwa, ta fasa dutse ta yanka ta da shi, Annabi kuwa ya yi izini a ci. Duk da haka gara ka faɗa masa da bakinka abin da zai yi da naman in hakan ta faru. Akwai kuma wata mas'ala da ba a cika lura da ita ba: 'ya'yan da aka haifa bayan an ƙulla jinga ba sa shiga cikinta sai in al'adar wurin ta shigar da su. Mai akuya da ciki sai ya ambaci wannan tun da wuri.

Game da kwana a gida, in gidan babu kowa, babu laifi mai kula da dabbobin ya tare a ciki, a nuna masa ɗakin da zai zauna da abin da aka yarda ya yi amfani da shi. In kuwa akwai matan aure ko 'yammata a ciki, to kada a ba baligin da ba muharrami ba mabuɗin cikin gida da sunan duba tumaki. A fitar da dabbobin zuwa wurinsa, ko a nemi mace, ko ɗan'uwa muharrami.

Wanda ya duba bai sami amintacce ba, ko aljihunsa ba zai ɗauki ladan da abincin ba, ya sayar da na sayarwa, ya kyautar da kyanwa da tattabarun ga gidan da ya san za a riƙe su. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba hukuncin alhajin da ya bar wakilci a yi wa iyalinsa layya a gida. Wassalam.