Motar da ba ta da fenti ba ta yafe gaggawa

Wani bidiyo ne ya yi ta yawo a WhatsApp, har ya iso wayata ta hannun mutane daban-daban, kowa yana turowa da murna. Wani Ba'amurke ne tsugune a gindin motarsa ƙirar Cybertruck da aka kurje wa ƙofa. Ya ɗauko soson baƙin ƙarfe ya dinga murza wurin da ƙarfinsa, can ya sa tsumma ya goge, ya haska da kyamara: ga shi nan, kurjewa ta ɓace. A ƙasan bidiyon aka rubuta wai an yi motar da za ta kori fanalbita da mai fenti daga kasuwa. Raina ya ɓaci da na gani, domin abin da mutumin nan ya yi ɓarna ce tsagwaronta, kuma babu wanda zai dawo ya nuna mana ƙofar bayan ruwa ya dake ta na wata biyu.

Ƙarfen da aka yi jikin motar nan da shi, wanda muke kira sitenles, ba shi da wani asiri. Ƙarfe ne da aka gauraya da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Harry Brearley, wani masanin ƙarfe a garin Sheffield na Ingila, shi ya yi suna da gano shi a 1913, yana tsakiyar neman ƙarfen da zai jure wa zaizayar cikin bututun bindiga. Da kuromiyam ɗin ya haɗu da iska sai ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen, wadda ido ba ya gani, ita ce ke tsare abin da ke ƙasa daga tsatsa. In an kurje ta takan sake kanta da kanta, muddin wurin yana da tsabta kuma iska tana samun sa. To shi soson baƙin ƙarfe, duk murzawa ɗaya yana barin ɓurɓushinsa maƙale a jikin sitenles ɗin. Ɓurɓushin nan ne zai sha raɓa ya yi tsatsa, ya fito da ɗigo-ɗigo ja, in aka ƙyale shi kuma ya fara huda fatar da ke ƙarƙashinsa. Mai bidiyo ya kawar da layi ɗaya, ya shuka tsatsa a faɗin tafin hannu.

Wannan ba hasashena ba ne. An fara miƙa wa masu saye motocin Cybertruck a ƙarshen Nuwamban 2023 a Texas, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare wasu sun fara kukan ganin jajayen ɗigo a jikin motocinsu. Bayanin da babban injiniyan motar ya yi shi ne ƙurar baƙin ƙarfe ce da ta sauka a kai take yin tsatsa, kuma tana wankuwa. Littafin mai mota ma ya ja kunne cewa kashin tsuntsu da ƙaron itace da kwalta da gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, a wanke su nan take. Idan ƙurar da iska ta kawo tana yin haka, ina ga wadda mutum ya cusa da hannunsa?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ana maganar kamar yau aka fara. Tun 1936 kamfanin Ford da kamfanin ƙarfe na Allegheny suka ƙera motoci shida da jikin sitenles don nuna wa duniya. Daga baya John DeLorean, wanda ya bar babban muƙami a General Motors, ya kafa masana'anta a Dunmurry kusa da Belfast a Ireland ta Arewa, da tallafin kuɗin gwamnatin Birtaniya. Motarsa ta fara fitowa a 1981, mai ƙofofi masu buɗewa sama, jikinta sitenles nau'in 304 da ba a shafa masa fenti ba. Kamfanin bai yi tsawon rai ba, kafin 1982 ta ƙare ya durƙushe, bayan an ƙera kimanin guda 9,000. Fim ɗin Back to the Future na 1985 ne ya raya sunanta. Amma ni ba fim ɗin ne ke burge ni ba, masu motocin ne. Sama da shekara arba'in ke nan suna riƙon waɗannan motoci a garejin gidajensu, kuma har yau da yawa suna sheƙi. Sun koyi abu ɗaya da wahala: jikin DeLorean yana da zane, ƙananan layuka da injin masana'anta ya ja, duk suna tafiya wuri guda kamar kunyoyin gona. Duk wanda ya gitta su da sanfefa, ko ya yi ta zagaye a wuri ɗaya, to ya bar tabon da zai riƙa ƙyalli daban da sauran jiki duk lokacin da rana ta haska. Shi ya sa za ka ga dattijo ya ɗaura abin gogewa a jikin katako mai shafaffen ciki, ya ja daga wannan ƙarshen ƙofa zuwa wancan, a miƙe, ya ɗaga hannu, ya dawo ya sake ja. Ba ya tsayawa a tsakiya, domin inda hannu ya tsaya nan alama take fitowa. Yini guda yakan ƙare a kan ƙofa ɗaya. Wannan shi ne gyaran gida na gaskiya, kuma babu mai ɗaukar sa a bidiyon minti ɗaya saboda ba shi da daɗin kallo.

Ban ce kada mutum ya taɓa motarsa ba. Ƙaramar kurjewa tana gyaruwa a gida, kuma wannan falala ce da mota mai fenti ba ta da ita. Sai dai akwai sharuɗɗa. A fara wanke wurin tas, don ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin soso ta isa ta ja sabon layi. A sa farce a gwada: in farce bai maƙale ba, soson roba na gogewa ya wadatar, in ya maƙale, sai an haɗa da sanfefa, a tuna kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, don haka a fara da mai laushi, sai ta gaza a sauko. A dubi irin zanen da masana'anta ta bari kafin a sa hannu, domin na kowace mota daban ne, a gwada a wurin da ido ba ya kaiwa. Kayan gogewar su zama sababbi, waɗanda ba su taɓa baƙin ƙarfe ba. A nisanci ruwan bilicin wanki, sinadarin kulorin da ke cikinsa abokin gabar wannan ƙarfe ne. Sannan a shirya wa goge fallen gaba ɗaya, ba iya inda aka kurje ba.

Amma da zarar magana ta kai ga lotsewa, to gida ya fita daga ciki. Babu fila, babu fenti, babu abin rufa asiri. Dole gwani ya bugo lotsawar daga baya sannu a hankali, ya daidaita, ya sake jan zanen, ko kuma a sauya fallen ɗungurungum. Wanda ya ɗora masa injin gurza da gudu zai sha mamaki, domin sitenles ba ya watsa zafi da sauri kamar baƙin ƙarfe. Zafin yana taruwa a wuri ɗaya, wurin ya koma rawaya, ya koma shuɗi, fallen ya lanƙwashe. Garin neman gira a rasa ido.

Na san wani zai ce ina ruwanmu da motar attajiran Amurka. Da ruwanmu ƙwarai. Ku dubi matattakalar benaye da ƙofofi da barandar sababbin gidaje a Kano da Kaduna da Abuja, da yawansu sitenles ne yanzu. Ku koma bayan damina ɗaya ku dubi wuraren da aka yi walda, ja wur. Maigida ya ce an sayar masa da jabu, mai walda ya ce ruwan unguwar ne ba shi da kyau. Alhali sau da yawa faifan da aka yanke rodi da shi da safe, da shi aka goge sitenles da rana, da burushin baƙin ƙarfe aka share waldar. Wani lokacin kuma an karɓi kuɗin 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, an sa nau'in 201 mai ƙarancin nikel, wanda ya fi araha kuma ya fi saurin tabo. Na farkon jahilci ne, na biyun kuwa ha'inci ne, kada a nema masa wani suna.

Akwai kuma ciwon da ke damuna game da fila. Mun saba da mota ta yi mummunan haɗari, a cika ramin da fila kaurin yatsa, a fesa fenti, a kai ta kasuwa a rantse wa mai saye ko kurjewa ba ta taɓa yi ba. Mun tarbiyyantar da yaran gareji a kan rufewa, mun bar gyarawa. Tsofaffin fanalbita da za su bi lotsawa da guduma da haƙuri har fallen ya dawo daidai suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaron da ya yi wata shida a gareji ya buɗe nasa. Kwalejojin fasaha da ya kamata su koyar da bambancin ƙarfe da ƙarfe, da yawansu allo da alli suka rage musu. Sannan yaran nan suna shaƙar hayaƙin waldar sitenles babu takunkumi, hayaƙin da ke ɗauke da wani nau'in kuromiyam mai haddasa sankarar huhu. Wa ya gaya musu? Ubangidan nasu ma ba a gaya masa ba. Wannan sakaci ne, kuma shugabannin ƙungiyoyin masu walda da hukumomin ilimin fasaha na jihohi ba su da hanyar wanke kansu daga gare shi.

Ga masu shagon walda da gareji: ku ware wa sitenles faifansa da burushinsa da sanfefarsa, kada su taɓa baƙin ƙarfe, ku saya wa yaranku abin rufe hanci mai kyau. Kai kuma mai bayar da aiki, ka tambayi lambar ƙarfen kafin ka biya, a rubuta maka ita a rasit. Wanda bidiyon nan ya iso wayarsa kuwa, don Allah ya tsaya a kansa, kada ya tura wa kowa.